Hotunan ƴaƴanmu a rumbun wani

Ba manomin da zai zuba hatsinsa a rumbun baƙo ya bar masa makulli. Amma haka muke yi da takardun ƴaƴanmu. Mushe ya ɗauki hoton sakamakon aji ya tura WhatsApp, uba ya loda takardar haihuwa a Google Drive, kowa ya ce "yana cikin gajimare". Wane gajimare? Kwamfutar wani kamfani ce a wata ƙasa.

A 2022 jaridun Amurka sun ba da labarin wani uba da ya ɗauki hoton kumburi a gaban ɗansa don likita ya duba. Na'urar Google ta ɗauke shi abin batsa, aka rufe asusunsa. Ƴan sanda sun bincika sun wanke shi, kamfanin ya ƙi buɗewa. Wasiƙunsa da hotunan yaron tun yana jariri, duk sun tafi. Wannan ɗan ƙasarsu ke nan. Kai da kake Tasawa, ƙofar wa za ka buga?

Masu cewa "ni ba ni da abin ɓoyewa" su sani ba sirrinsu ba ne, na yaron ne, kuma ba a tambaye shi ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, amma dokar Amurka ta 2018 ta ba hukumominsu damar neman bayanai a hannun kamfanoninsu ko ina aka ajiye su.

Maganin ba tsafi ba ne. Tsohuwar kwamfutar da ke cin ƙura a ofishin darakta ta isa. A sa mata Nextcloud, manhaja ce ta kyauta, a haɗa ta da wifi. Wayoyin malamai su riƙa zuba takardu cikinta, ko babu kuɗin intanet muddin ana cikin lakol. Uba ma zai iya yin haka a ɗakinsa.

Za a ce kuran fa? Gaskiya ne, ba mu manta duhun da muka sha ba da Nijeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023. Ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi ba ta fi kwan fitila ci ba, faranti ɗaya na hasken rana da batir sun riƙe ta. Abin tsoro shi ne zafin Afrilu da ƙura, suna kashe faifan ajiya ba sallama. Dole a yi kwafi na biyu kowane mako a ajiye a wani gida.

Kwamitin iyaye, ku sa wannan cikin taronku na gaba, ku tambayi darakta ina hotunan bara suke.