Shekarun da Ba Mu Tambaya



Ranaku biyu ne muke yi wa murna a rayuwar ɗanmu na jami'a. Ta farko ita ce ranar da sunansa ya fito, hukumar JAMB ta tabbatar masa da gurbi, labari ya zaga ofishin malamai, kowa yana cewa Allah Ya sanya albarka. Ta biyu ita ce ranar yaye ɗalibai, ranar da muke guge babbar riga, mu yi shatar mota, mu tsaya kusa da shi a ɗauke mu hoto. Tsakanin waɗannan ranaku akwai shekara huɗu, ko biyar, ko shida ga mai karatun likita, ban da abin da yajin aiki ya ƙara. Waɗannan shekaru su ne ba mu cika tambaya a kansu ba. Ra'ayinmu shi ne wannan rashin tambaya yana cutar da 'ya'yanmu, kuma mu malaman firamare mun fi kowa dacewa mu gyara shi, a gidajenmu, a azuzuwanmu, da kuma a wannan reshe namu.

A gidanmu muka koyi wannan darasi. 'Yarmu ta fari tana aji biyu a wata jami'ar tarayya. Da ta dawo hutun ƙarshen zango, mahaifiyarta ta lura rigar da aka ɗinka mata da ƙaramar salla ta yi mata yawa. Muka ce wahalar karatu ce. Bayan kwana biyu ƙanenta yana neman takardar da zai yi aikin gida, sai ya zaro wani littafin rubutu daga jakarta. A shafukan baya ta jera lissafin abin da take kashewa kullum: kuɗin mota, kuɗin fotokwafi, kuɗin data, kuɗin abinci. A ranaku da yawa gurbin abinci babu komai sai ɗan layi da ta ja. Daga ashirin ga wata zuwa ƙarshensa, layukan sun fi lambobin yawa.

Muka kira ta, muka ce, "Uwata, me ya hana ki bugo waya?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ai na san ranar da albashi yake shiga. In na kira kafin nan, bashi za ku ci."

Ɗan malami tun yana ƙarami yake haddace kalandar albashi. Ya ga yadda ake jinkirta sayen takalmi har wata ya mutu, ya ji ana ba mai shago haƙuri. Idan ya shiga jami'a yakan tafi da wannan sani, ya zame masa takunkumi. Sannan ga alkunya, musamman tsakaninmu da 'ya'yan fari, waɗanda ko sunansu ba ma kamawa, balle mu zauna doguwar hira da su. Yaro yana jin nauyinmu, mu muna jin nauyinsa, yunwa kuwa tana aikinta a tsakani.

A dararen da suka biyo baya ta riƙa ba mahaifiyarta labarin yadda take wuni, mu kuma muna ji daga bakin uwar. Da muka tambayi 'ya'yan abokan aikinmu da ke karatu a Zariya da Kano da Sakkwato, sai muka tarar labarin kusan ɗaya ne. Ɗalibi yakan tashi kafin kiran assalatu don ya kama layin famfo. Ɗakin da yake kwana an gina shi don mutum huɗu, amma kusan kowane gado yana da ɗan raɓe, wanda bai samu gurbi ba kuma ba shi da kuɗin haya a waje. Idan lacca ta ƙarfe takwas ce, wanda bai isa zauren tun bakwai ba a bakin taga zai tsaya, yana jin rabin magana. Da rana ya auna kuɗin da ke aljihunsa: ya ci abinci ne, ko ya buga takardun da malami ya bayar? Ɗalibai har suna da lissafinsu na raha, sifili-ɗaya-sifili, wato babu kari, a ci na rana, a kwana haka. Wanda ya samu garin kwaki da ƙuli da ɗan sukari ya gode Allah. Da dare ya nemi ajin da ke da wuta, ya sa waya a caji, ya yi karatu a cikinta, domin littafin da aka ce ya saya ya fi ƙarfin kuɗin watansa.

Bayan gajiyar jiki akwai abin da ke yawo a zuci. Wanda ya shiga jami'a kafin 2020 ya ga yajin aikin ƙungiyar ASUU na wannan shekara, daga Maris har Disamba. Ya sake ganin na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa tsakiyar Oktoba, wata takwas cur. Mu 'yan ƙungiya ne, mun san abin da ke sa ma'aikaci ya ajiye alli, kuma ba za mu zagi 'yan'uwanmu na jami'a don sun nemi a cika alkawarin da aka yi musu ba. Amma gaskiya ta wajaba a kanmu: duk ranar da aka kulle aji, nasu ko namu, yaro ne yake biyan mafi tsadar kuɗin. Ɗalibi yana kwana yana ƙirga shekarunsa, domin ya san wanda ya haura talatin kafin ya kammala ba ya zuwa hidimar ƙasa. Ɗaliba tana jin ƙawayenta sun yi aure, dangi suna tambayar yaushe za a gama wannan boko. Dukansu suna ganin yayyensu masu digiri suna tuƙa A Daidaita Sahu ko suna zaune a rumfar cire kuɗi, sai su tambayi kansu a ɓoye ko wannan wahala za ta biya. Wannan tambaya ba sa kawo mana ita, domin sun ga abin da muka sayar kafin mu biya kuɗin rajista.

Mun san abin da wasunmu za su ce. Za su ce mu ma da muke kwalejin ilimi mun sha wuya, mun yi aikin koyon koyarwa a ƙauyen da babu wuta, kuma ba mu mutu ba. Za su ce wuya ita ke gyara mutum. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba ma fatan mu tashi 'ya'yan da ba su iya haƙuri ba. Sai dai haƙuri daban, yunwa daban. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu da muke gaban allo mun fi kowa sanin yadda idon yaron da bai karya ba yake lumshewa kafin a fita tara. Abin da muka yarda da shi game da ɗan aji uku bai daina zama gaskiya ba don yaron ya kai shekara ashirin.

Kuma zamanin ba ɗaya ba ne. Akwai lokacin da jami'o'in ƙasar nan suke ciyar da ɗalibai a ɗakin cin abinci da rangwamen gwamnati. A 1978, ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincin rana guda yana cikin abin da ya tayar da zanga-zangar ɗalibai a faɗin Nijeriya, lokacin da Kanar Ahmadu Ali yake riƙe da ma'aikatar ilimi, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Yau babu wannan ɗakin cin abinci. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, jami'o'i da yawa kuma suka ƙara kuɗin rajista a wannan shekara. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma kowannenmu ya san kwana nawa albashinsa yake yi a hannu. Kuɗin da muka tura wa yaro bara muna ganin ya isa, bana ba ya kai shi tsakiyar wata.

Ya kamata mu faɗi abin da yunwa da shiru suke jawowa, ko da ba ya da daɗin ji. Yarinyar da ba ta iya gaya wa mahaifinta ba ta ci abinci ba, akwai mai mota a bakin ƙofar makaranta da yake jiran ya tambaye ta. Yaron da yake jin kunyar neman naira dubu biyu a gida, akwai abokin da zai nuna masa caca a waya, ko damfarar intanet, ko ƙwayar da aka ce tana hana barci lokacin jarrabawa. Yawancin 'ya'yanmu suna kame kansu, Allah Ya yi musu albarka. Amma bai dace mu bar tarbiyyarsu ita kaɗai tana kokawa da cikin da babu komai ba.

Akwai wani ɓangaren da ya shafe mu a matsayinmu na malamai, kuma shi ya fi yi mana nauyi a baki. 'Yarmu ta ce abin da ya fi ba ta wuya a shekarar farko shi ne malamin jami'a ba ya rubuta darasi a allo don a kwafa. Yana magana ne, ya ambaci littafi, ya fita. Ɗalibai da yawa a nan suke ruɗewa, domin tun daga aji ɗaya abin da suka saba shi ne kwafe da hadda. Wa ya saba musu? Mu ne. Muna da hujjojinmu: aji mai yara fiye da ƙima, ƙarancin littattafai, rufin da yake yoyo, albashin da yake jinkiri. Duk gaskiya ne, kuma ƙungiya za ta ci gaba da fafutuka a kansu. Duk da haka, yaron da ya bar aji shida bai taɓa karanta shafi guda shi kaɗai ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa ba, mun tura shi gaba da rauni. Idan ya faɗi kwas a jami'a ya maimaita, ya ɓoye wa iyayensa sakamakon, tushen abin yana iya kasancewa a ajinmu shekara goma da suka wuce. Minti goma a kowace rana, yaro ya karanta ya yi bayani da Hausa ko da Turanci, ba ya bukatar izinin kowa, ba ya bukatar kasafin kuɗi.

To, me za mu yi? Ga abin da muke ba wa shugabannin reshe da dukkan mambobi shawara.

Na farko, mu canza tambayar da muke yi a waya. "Ya karatu?" amsarta kullum "Alhamdu lillahi." Mu riƙa tambayar abin da ba a iya rufewa da godiya: me ka ci yau, ku nawa ne a ɗaki, wane kwas ne yake ba ka wuya, nawa ya rage a hannunka? Wanda alkunya ta hana shi, ya wakilta uwa ko gwaggo ko kawu. Kuma mu gaya wa yaro ƙarara cewa faɗuwa a jarrabawa ba ta kai ɓoye ta muni ba.

Na biyu, reshe ya kafa adashe na musamman ga mambobin da ke da 'ya'ya a manyan makarantu, a tsara kwasarsa ta dace da lokacin rajista. A ware kuma wani ɗan asusu na gaggawa da mamba zai iya ranta daga ashirin ga wata, a cire idan albashi ya shiga, babu ruwa. Muna yin adashen ragon layya da na kayan ɗaki, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Na uku, a fahimtar da mambobi game da asusun bashin karatu na NELFUND, wanda aka sanya wa dokarsa hannu a 2024. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiya, babu kuɗin ruwa, kuma sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa ake fara biya. Bashi dai bashi ne, kowane gida ya auna da kansa. Amma kada a bar yaro ya rasa shi don kawai babu wanda ya zauna ya taimaka masa ya cike takardun.

Na huɗu, sakataren reshe ya tattara sunayen 'ya'yan mambobi bisa makarantun da suke, da yardar iyayensu, domin wanda yake aji uku ya tarbi sabon shiga, ya nuna masa inda ake rajista da inda abinci yake da sauƙi. Idan sun dawo hutu kuma, mu gayyace su su tsaya gaban 'yan aji shida su faɗi yadda jami'a take. Ƙannensu za su ji daga bakin da ya fi namu kusa da su, su kuma za su san garinsu yana kallon su da daraja.

Littafin lissafin 'yarmu yana nan a wurinmu, mun roƙe ta ta bar mana. Duk ashirin ga wata mukan buɗe shi, sannan mu ɗauki waya mu kira ta tun kafin ta yi tunanin ko za ta kira. Ba kullum muke da abin turawa ba. Wani lokaci dubu uku ne, wani lokaci mudun gari ne da ƙuli a ba direban tasha. Amma yanzu takan faɗa mana gaskiya, mu ma mukan faɗa mata tamu.

Hutu yana tafe, 'ya'yanmu za su dawo. Kafin mu tambayi sakamako, mu dubi wuyan rigarsu. Allah Ya raya mana su, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba mu ikon sauke nauyin da Ya ɗora mana. Amin.