Jiragen yaƙin nukiliya: mudu biyu a kasuwa ɗaya

Ranar 15 ga watan Satumba 2021, shugabannin Amurka, Ingila da Ostiraliya suka sanar da duniya wani ƙawancen soja da suka raɗa wa suna AUKUS. Ginshiƙin ƙawancen shi ne Amurka da Ingila za su bai wa Ostiraliya jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin teku, waɗanda injinsu ke aiki da makamashin nukiliya. Irin wannan jirgi yakan yi watanni cikin ruwa ba tare da ya leƙo waje ba, alhali mai aiki da man gazuwal dole ne ya riƙa tasowa neman iska. Kafin wannan rana, sau ɗaya tak Amurka ta taɓa buɗe wa wata ƙasa wannan sirri, wato Ingila, a yarjejeniyar 1958.

Faransa ce ta fara kuka, domin tun 2016 ta ci kwangilar ƙera wa Ostiraliya jirage 12 masu aiki da gazuwal, sai ta wayi gari an soke cinikin. Ministanta na harkokin waje, Jean-Yves Le Drian, ya kwatanta abin da sukar wuƙa ta baya, kuma aka kira jakadun Faransa na Washinton da Kanbera su dawo gida. A 2022 Ostiraliya ta biya diyyar yuro miliyan 555, ƙura ta lafa. Duk ɗan kasuwar da aka taɓa yi wa shigar ciniki ya san zafin abin. Amma asarar Faransa ta kuɗi ce, an kuwa biya. Akwai wata asarar da ta fi wannan nauyi, wadda ta shafi dokar da ke tsare duniya daga yaɗuwar makaman ƙare dangi.

Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, wadda ta fara aiki a 1970, ta raba duniya gida biyu. Ƙasashe 5, Amurka, Rasha, Ingila, Faransa da Sin, an amince musu su riƙe bom ɗinsu bisa alkawarin rage shi. Sauran kuma sun rantse ba za su neme shi ba, sun yarda hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana ta riƙa ƙidaya uraniyum ɗinsu. Sai dai an bar wata kafa. Sakin layi na 14 na ƙa'idar binciken hukumar ya halatta wa ƙasa ta janye wani kaso na uraniyum daga idon masu bincike idan za ta yi aikin soja da shi wanda ba na fashewa ba, kamar tuƙa jirgi. Shekaru 50 babu wanda ya bi ta wannan kafa. Kanada ta yi niyya a 1987, ta fasa a 1989. Yanzu ga Ostiraliya a bakin ƙofa.

Domin a gane girman lamarin, sai a dubi uraniyum ɗin kansa. Yadda ake haƙo shi a Arlit, ɓangarensa mai ƙarfi bai wuce kashi 0,7 cikin 100 ba. Tashoshin lantarki na amfani da wanda aka tace zuwa kashi 3 ko 5. Na bom kuwa yakan kai kashi 90. Jiragen Amurka da na Ingila da irin na bom ɗin suke aiki, sama da kashi 90. Bisa tsarin da aka bayyana a San Diyego cikin watan Maris 2023, Ostiraliya za ta sayi jirage 3 zuwa 5 samfurin Virginia daga farkon shekarun 2030, daga baya a ƙera wasu sababbi. Ke nan ƙasar da ba ta cikin biyar ɗin nan za ta riƙe uraniyum mai yawa irin na makami a cikin jirgin da mai bincike ba zai iya binsa ƙarƙashin teku ba.

Adalci ne a faɗi hujjar masu ƙawancen. Sun yi alkawarin za a kawo injinan a rufe da walda, Ostiraliya ba za ta tace uraniyum ba, ba za ta sarrafa wanda aka gama aiki da shi ba. Tarihinta wajen mutunta bincike kuma ba shi da tabo. Babu mai hankalin da ke zargin Kanbera da neman bom. Amma doka ba don mutumin kirki kaɗai ake yin ta ba. Alƙalin da ya sassauta wa amininsa yau, da wane baki zai tsananta wa wani gobe? A 2015 an ƙayyade wa Iran kashi 3,67 kacal, ita kuwa ta riga ta sanar da hukumar ta Biyana cewa tana da burin injin nukiliya na jiragen ruwa. Birazil na kan ƙera nata jirgin. A watan Oktoba 2025 shugaba Trump ya sanar da amincewarsa Koriya ta Kudu ta mallaki irin wannan jirgi. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Sin da Rasha sun ta da jijiyar wuya a Biyana kan batun, sai dai su ma hannunsu ba wankakke ba ne. Mosko ta bai wa Indiya hayar jirgin nukiliya a 1988, ta sake a 2012, ga shi Indiya ba ta ma sa hannu kan yarjejeniyar 1970 ba. Kowane babba yana da ɗan gaban goshinsa.

Ina ruwan Nijar, wadda ko gaɓar teku ba ta da ita? Ruwanta babba ne. Tun 1971 ake fitar da uraniyum daga Arlit. Ƙasar ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwa a 1992, nahiyar Afirka kuma ta haramta wa kanta makaman nukiliya a yarjejeniyar Felindaba ta 1996. Duk da haka, a 2002 da 2003 sunan Nijar ya shiga bakin duniya bisa zargin cinikin uraniyum da Iraƙi, aka sa zancen cikin dalilan yaƙi. A watan Maris 2003 shugaban hukumar ta Biyana, Muhammad al-Baradai, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne, amma hakan bai hana a faɗa wa Bagadaza ba. An ɓata sunan matalauciyar ƙasa kan garin dutsen da ba a tace ba, wanda ma ba ta sayar ba, yau kuma ana shirin miƙa tataccen na makami ga ƙawa, a ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Ma'aunin da ake yi wa mai haƙo ƙasa daban, wanda ake yi wa mai kuɗin saye daban.

Mafita ba ɓoyayya ba ce. Jiragen nukiliyar Faransa da uraniyum ƙasa da kashi 20 suke tafiya, wanda ba a haɗa bom da shi, illa dai ana sake musu makamashi bayan wasu shekaru. Ashe ana iya tuƙa jirgi ba tare da kayan makami ba. Na biyu, duk sharuɗɗan da hukumar ta Biyana za ta ƙulla da Ostiraliya bai kamata su tsaya tsakanin ƙasashe 3 da sakatariyarta ba. A shimfiɗa su gaban mambobi, su zama ƙa'ida ɗaya ga duk mai zuwa daga baya, aboki ne ko abokin gaba.

Nan ne aikin jakadun Nijar da na sauran ƙasashen Afirka masu arzikin uraniyum, irin su Namibiya da Afirka ta Kudu. Suna da kujera da ƙuri'a a babban taron hukumar kowace shekara. Hukumomin Yamai, ko wane ne ke mulki, suna iya neman a sa batun cikin ajanda tare da ƙasashe irin su Indunusiya da Maleshiya, waɗanda tun farko suka nuna damuwarsu. Ƙasar da ke sayar da uraniyum ta fi kowa buƙatar doka mai mudu ɗaya, domin ranar da zargi ya sake tashi, ba ta da rundunar jiragen da za ta kāre ta, sai wannan dokar.