Kafin A Ɗauko Kare A Kawo Gida

Sanin kowa ne cewa ɗan kasuwar da ke zaune a Briqueterie ko Elig-Edzoa a birnin Yawunde, rabin rayuwarsa a kan hanya take ƙarewa. Yau yana Kye-Ossi a bakin iyakar Gabon da Ikwatoriyal Gini, jibi yana Garoua-Boulai ta wajen Afirka ta Tsakiya, wani makon kuma ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaoundere, daga can ya miƙe Kousseri ko ya tsallaka Mubi. A bayansa kuwa ya bar iyali, ya bar sito cike da atamfa da shadda ko buhunan albasa da wake, kuma sau da yawa jarin ma ba nasa ba ne shi kaɗai. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan tunanin tsaro ya sa mai gida ya fara shawarar ajiye kare, abin da a da Bahaushe ya bar wa maharba da makiyaya.

Wannan jarida ba ta ga laifin wanda ya nemi kare dukiyarsa ba. Abin da muke jan hankali a kai shi ne yadda wasu ke sayen kare kamar yadda ake sayen kwado da makulli, a biya kuɗi a rataya a manta. Kare rai ne, yana ci yana sha yana ciwo, yana kuma iya shekara 10 zuwa 13 a hannun mai shi. Wanda ya zaɓe shi ba bisa lissafi ba, ƙarshenta abin da ya kawo don maganin ɓarawo shi zai kai shi gaban hukuma, ko ya raba shi da maƙwabcin da suka yi shekara ashirin suna zaman lafiya.

Tambaya ta farko da ya kamata mai gida ya yi wa kansa ita ce: shin akwai buƙatar karen? A nan addini ya riga kowa magana. Hadisai ingantattu sun yi izinin riƙe kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona, sun kuma yi gargaɗin cewa wanda ya ajiye shi ba don irin waɗannan dalilai ba ladansa na raguwa kullum. Game da gadin gida kuwa malamai sun tattauna, da yawansu sun yi rangwame idan akwai larura ta gaskiya. Malaman Malikiyya suna kawo labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mawallafin Risala wanda ya rasu a shekarar 996, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka tuna masa Imam Malik bai so hakan ba sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Darasin a fili yake: larura ce ta halatta, ba ado ko gasa da Alhaji wane ba. Wanda ƙofar ƙarfe da fitila mai haske da maigadin haɗin gwiwa na 'yan layi za su wadatar da shi, to ya huta wa kansa. Wanda ke da shakka kuma ya je ya tambayi malaminsa kafin ya biya kuɗi, ba bayan kwikwiyo ya kwana a gida ba.

Tambaya ta biyu ita ce irin gidan da mutum yake ciki. Duk wanda ya san lungunan Briqueterie ya san yadda gidaje ke manne da juna, tsakar gida ɗaya iyali huɗu ko biyar, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, yara na shiga da fita tun safe har dare, ga 'yan talla, ga almajirai, ga masu zuwa sallar asuba cikin duhu. A irin wannan wuri babban kare ba shi da mazauni, ko da an ce kyauta aka bayar. Karen Jamus da masu Faransanci ke kira berger allemand, namijinsa kan kai kilo 30 zuwa 40. Rottweiler yakan kai kilo 50, Boerboel na Afirka ta Kudu kuwa yakan haura 60, wato ya fi yaron firamare nauyi har ninki biyu. Waɗannan karnuka ne da aka samar don fili da aiki, suna buƙatar katanga mai tsawo, da wurin zagayawa, da mutum ɗaya tsayayye da suke jin maganarsa. Idan aka ɗaure irinsu da sarƙa a bayan banɗaki dare da rana, ba gadi suke koyo ba, ƙunci suke tarawa, ranar da sarƙar ta tsinke kuwa ba ɓarawo za su fara samu ba, ɗan maƙwabci ne.

Haka nan a duba yanayin gari. Karen Kokeshiya mai tulin gashi an same shi ne daga duwatsu masu ƙanƙara. A Yawunde mai damina biyu a shekara, danshi kan tara masa kaska da ƙuma da ƙuraje a ƙarƙashin gashi, idan kuma aka ɗauke shi zuwa Maroua ko Kousseri, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, azaba ce kawai aka saya masa. Shi kuwa karen gida da muke rainawa, mai gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa, wanda da wuya ya wuce kilo 20, ya saba da rana da ruwan ƙasar nan, cinsa kaɗan ne, juriyarsa da yawa. In dai abin da ake nema shi ne a ji motsi a yi haushi har mutanen gida su farka, to ya isa ya yi yawa. Ɓarawo ba girman kare yake tsoro ba kamar yadda yake tsoron a tashi unguwa. Sai dai a yi hattara da nau'in Basenji na dazukan Kongo, domin duk kyan siffarsa ba ya haushi irin na sauran karnuka, saboda haka ba shi da amfani ga mai neman ƙararrawa.

Tambaya ta uku, wadda ta fi shafar masu karatunmu, ita ce: wa zai kula da shi idan mai gida ya yi tafiya? Kare yana sanin ubangijinsa ne ta hanyar wanda ke ba shi abinci da wanda ke yi masa tsawa kullum. Mutumin da ke kwana 20 a wata tsakanin Abang-Minko'o da Banyo ba shi ne ubangijin karen ba, ko da shi ya biya kuɗinsa. Idan uwargida tana ƙyamarsa, yara suna tsoronsa, yaron shago kuma yau yana nan gobe ya koma gida, to an bar dabba mai haƙori ba mai iko da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a kawo kare a tabbatar akwai baligi mazaunin gida da ya yarda da bakinsa zai ɗauki nauyin ci da sha da wanka da kwashe kashi, a kuma keɓe masa ɗakinsa da kwanonsa can nesa da wurin salla da madafa.

Tambaya ta huɗu ta aljihu ce. Kuɗin sayen kwikwiyo shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Babban kare yakan cinye kusan rabin kilo na busasshen abincin kanti a rana, ga maganin tsutsar ciki, ga na kaska, ga alluran ƙuruciya da ke tsare shi daga cutar amai da gudawar jini mai kashe 'yan kwikwiyo. Masu cewa ai ga ragowar tsire nan a Briqueterie su sani cewa albasa tana lalata jinin kare, dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda masa hanji, goro da cakulan kuwa guba ne a gare shi. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ba zai iya ciyarwa ba kada ya ɗauko, domin yunwa ce ke tura kare bola, a bola kuma yake haɗuwa da karnukan da ba su da mai su. Kada kuma a manta hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Wanda ya tsare dabba, haƙƙinta yana wuyansa.

Wannan ya kawo mu ga babbar magana, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kimanin 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare ake ɗauka, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare, tana shiga ta cizo ko yaƙushi, ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan yi wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, shi ya sa mutane ke sakin jiki da zarar miki ya warke. Amma da zarar alamu sun fito, mutum ya fara firgita da tsoron ruwa, to sai dai addu'a.

Abin takaici shi ne mutuwa ce da ake iya kaucewa tun 1885, shekarar da Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro allurar a Faransa ya tsira. A nan Yawunde akwai Centre Pasteur tun 1959, tana da reshe a Garoua, kuma ita ce cibiyar da ake gwada cutar a ƙasar nan. A Najeriya akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Ke nan ba rashin wurin zuwa ke kashe mutane ba, sakaci ne da jinkiri. Duk wanda kare ya ciza, ko da na gidansu ne, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar, a karɓi allurai har a kammala su yadda likita ya tsara. Ƙona gashin karen a shafa, ko ɗaure miki da tsumma a jira a gani, ba ya tare komai. Shi kuma karen kada a yi gaggawar kashe shi a jefar, a tsare shi a kira likitan dabbobi ya sa masa ido na aƙalla kwana 10, domin halin da ya shiga shi zai nuna ko yana ɗauke da cutar.

Muna kuma gargaɗin 'yan'uwa masu zirga-zirga a kan iyaka game da ɗauko kwikwiyo a tasha ko a bakin hanya don an ga araha. Karnuka suna tafiya mai nisa a hannun 'yan kasuwa, kamar yadda ake tara su daga wurare daban-daban a kasuwar Dawaki ta Jihar Filato, kuma binciken likitocin dabbobi a Najeriya ya sha gano ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka kawo kasuwa da alamar ƙoshin lafiya. Ido ba ya ganin wannan ciwo a farkonsa. Mai saye ya je inda zai ga uwar kwikwiyon da idonsa, ya lura ko mai natsuwa ce ko mai faɗa, kada ya raba ɗa da uwa kafin wata 2, ya nemi ɗan littafin allura mai hatimin likita, sannan ya kai shi allurar haukan kare idan ya cika wata 3, ya riƙa sabuntawa a kan lokaci. Wannan littafi shi ne za a nema a bakin iyaka, shi ne kuma zai kwantar da hankalin maƙwabci ranar da tsautsayi ya faɗa. A sani kuma cewa sashe na 1385 na dokar farar hula ya ɗora wa mai dabba alhakin duk ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce. Cewa ina Kye-Ossi lokacin da abin ya faru ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Daga ƙarshe muna kira ga ma'aikatar kiwo ta MINEPIA da ofisoshin magajin gari na Yawunde ta ɗaya da ta biyu da su riƙa kawo allurar karnuka har cikin unguwanni a farashin da talaka zai iya, musamman a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. Masana sun tabbatar idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan daina yawo a tsakaninsu, kuma a kan wannan ne hukumomin duniya suka ɗora burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon kare zuwa shekarar 2030. Muna kira ga limamai da sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa su yi wa jama'a bayani, a koya wa yara kada su jefi kare, kada su matsa kusa da shi yana cin abinci, kuma kada su ɓoye cizo don tsoron duka. Ga mai gida kuwa shawararmu a taƙaice take: in gidan haya kake, ka haƙura. In kana da katanga da mai kulawa da halin ciyarwa, ka ɗauki matsakaicin kare mai gajeren gashi, ka yi masa allura, ka sanar da maƙwabta. Dukiya idan ta tafi ana iya mayar da ita a kasuwa ta gaba, amma ran yaro ba shi da madadi. Allah Ya tsare mu, Ya tsare iyalanmu da dukiyoyinmu.