A Bar Ɗalibi Ya Ƙago Halittarsa, Gaiwa Ta Yi Masa Alƙalanci

Akwai wani aikin aji da wasu daga cikinmu ke ɗauka wasan yara ne, ni kuwa ina ganin ya cancanci gurbi a darasin ilimin halittu. A ce wa ɗalibi ya ƙago wata dabba da babu ita a duniya, mai zama a gaɓar tafkin Bakolori, inda ruwa ke cika da damina ya janye da rani. Ya zana ta, ya raɗa mata suna, sannan ya kare kowace gaɓa ta jikinta da hujja: da me take numfashi idan laka ta bushe, me take ci, ina take ɓuya.

Masu suka suna cewa lokaci ƙalilan ne, manhaja doguwa, kuma WAEC da NECO ba sa tambaya a kan dabbar mafarki. Gaskiya ne. Sai dai suna tambaya a kan yadda jikin halitta ke dacewa da muhallinta, kuma a nan ne hadda ke tona asirin yaranmu. Wanda ya ƙago dabba, abokansa suka yi mata rubdugu da tambayoyi har ta mutu a kan allo, ya riƙe dalilin da haddar ba ta ba shi ba.

Sharaɗina guda ne, a auna ƙagaggiyar da gaiwa. Wannan kifi, wanda ɗan masunci a Maradun ko Bakura ya sani tun yana ƙarami, yana da huhu, har ma idan aka hana shi leƙowa ya shaƙi iska sai ya mutu a cikin ruwa. Da kududdufi ya fara ƙafewa, gaiwa takan nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙi wanda ke bushewa ya zama kamar kube, ta bar 'yar kafa ta iska. Aikin jikinta ya ragu ƙwarai, ta riƙa rayuwa da naman jikinta watanni har ruwa ya dawo. Da Bahaushe ya ce gaiwa jikinta take ci, bai yi nisa da binciken masana ba. Danginta suna nan a Kudancin Amurka da Ostireliya, kuma burbushin kakanninsu a duwatsu ya kai kimanin shekara miliyan 400. A jera ta da tarwaɗa, mai jure ɗan lokaci a tudu, da karfasa, wadda ba ta daɗewa.

Wurin da malami zai yi hattara shi ne kada yaro ya rubuta cewa dabbarsa ta so huhu, sai huhu ya fito mata. Waɗanda jikinsu ya fi jure fari su ne suka rayu suka hayayyafa, zuriya bayan zuriya, har siffar ta kafu.

Tun abin da ya auku a makarantar 'yan mata ta Jangebe ranar 26 ga Fabrairu, 2021, ba shugaban makarantar da zai saki jiki ya tura ɗalibai bakin dam, kuma ba na ganin laifinsa. To, sai a kawo gaɓar cikin aji. Bokiti, laka, da gaiwa ɗaya daga hannun masunta sun wadatar. Reshenmu na iya roƙon iyaye masu kamun kifi su ba da aron ta na yini guda.