Audugar Mai Bututu Ba Kayan Tsimi Ba Ce

Wannan makon zan taɓo maganar da mu maza muke kauce wa, alhali mu ne masu kanti, mu ne kuma masu cefane. Iyayenmu mata, ku yi mini afuwa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 'yan'uwa suka watsu, wasu Masar, wasu Jidda, kayan aike iri-iri suke iso mana, daga nan Abu Na'ama har Mai Wurno. Cikinsu har da tamfon, wato audugar al'ada da ake sanyawa ciki, ba irin ta manne wa kamfai ba. Tana zuwa cikin bututu biyu na roba ko kwali, ƙarami a cikin babba. Mace ta wanke hannu, ta shigar da babban, ta tura ƙaramin da yatsa, ta zare bututun ta yar, zaren ya rage a waje don cirewa. Idan tana jin ta, ba ta shiga sosai ba.

Abin da ya dame ni shi ne tsimi. Kaya ya yi tsada, kwali ɗaya ne a gida, sai mace ta ce bari guda ta kai ta daga asuba zuwa dare. To a nan haɗarin yake. Ƙa'ida ita ce a canza bayan awa 4 zuwa 8, kada ta wuce 8 ko da jinin kaɗan ne. Kuma kada a ce a ɗauki mai yawan tsotsa don ta daɗe. Ku duba ɗigon ruwan da aka zana a jikin kwali, a zaɓi mafi ƙaranci da zai wadatar. A 1980 kamfanin Procter & Gamble ya janye samfurinsa Rely daga kasuwannin Amurka, bayan an alaƙanta shi da wata cutar gubar ƙwayoyin cuta da ta kashe mata. Ba kasafai take faruwa ba, amma ba ta jira: zazzaɓi kwatsam, amai, gudawa, jiri, ƙuraje. A garin da kowa ya ji zazzaɓi zai ce maleriya ce, a cire audugar nan take, a tafi asibiti, a kuma gaya wa likita an yi amfani da ita. Kunya ba ta nan.

Mai jego ba ta amfani da ita. Wadda aka yi wa kaciyar fir'auna, wadda dokar Sudan ta haramta a 2020, kada ta tilasta wa kanta, ta fara ganin ungozoma. Budurwa fa? Likitoci sun ce ba ita ke kawar da budurci ba, amma wannan shawara ce tsakanin yarinya da uwarta, ba ta mai kanti ba. Sannan rashin ganin jini a tufafi ba tsarki ba ne, sallah sai jinin ya ɗauke.

Ku 'yan'uwana 'yan kasuwa, kwalin da ya jiƙe ko ledar da ta yage, a zubar. In za ku sayar ɗai-ɗai, ku faɗi maganar awa 8 ɗin, in bakinku ya yi nauyi ku sa uwargida ta faɗa. Wadda kuɗinta bai kai na canji uku ko huɗu a rana ba, ni audugar waje nake miƙa mata.