Kafin A Kai Su Tsibirin Shara

Kwanakin baya yarana suka zaunar da ni na kalli wani fim a waya, sunansa Isle of Dogs, wato Tsibirin Karnuka, wanda wani Ba'amurke mai suna Wes Anderson ya fitar a 2018. Da farko na ƙi, domin me dattijo zai yi da fim ɗin karnuka? Kuma tun kafin wani ya ɗauka da zafi, ban kwatanta kowa da kare ba. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi mun san ana sa dabba a gaba ne don a faɗa wa mutane magana.

Labarin a wani birni ne na ƙage a ƙasar Japan, Megasaki. Cuta ta kama karnuka, sai magajin gari Kobayashi ya sa hannu a doka cewa a kwashe su duka a zubar a tsibirin da ake jibge shara. Wani masani, Farfesa Watanabe, ya samo magani, aka tsare shi, aka kashe shi da guba. Daga baya ta bayyana cewa mutanen magajin garin ne suka ƙirƙiro cutar. Wanda ya tashi neman karensa yaro ne maraya ɗan shekara 12 mai suna Atari.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi fim ɗin. Ba zane ba ne, ba kuma karnukan gaske ba ne. 'Yan tsana ne aka ƙera da hannu, ɗaruruwa, aka yi aikin a Landan. Ma'aikaci zai ɗan motsa ƙafar 'yar tsana, ya janye hannunsa, a ɗauki hoto. Ya sake motsawa kaɗan, ya janye, a sake ɗauka. Hoto 12 zuwa 24 ke ba da daƙiƙa ɗaya. In an jera su sai ka ga kare yana gudu da kansa. Hannun da ya motsa shi ba ya fitowa a ko hoto ɗaya.

To jama'a, a ganina haka ake mayar da mutum baƙo a ƙasarsa. Ba rana ɗaya ake korarsa ba. Yau a ce sai ya kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma kafin ɗansa ya sami tallafin karatu. Gobe a ce gurbin aiki na 'yan ƙasa ne. Jibi kuɗin makarantarsa ya fi na maƙwabcinsa. Kowane motsi ƙarami ne, ba ya kai a tada jijiyar wuya, in ka tambaya kuwa akawu zai ce shi ma haka ya tarar. Na taɓa raka wani yaro da aka haifa nan Azare, ubansa ma nan aka haife shi, zuwa wani ofishi. Aka ce ya koma garin kakansa ya karɓo takarda. Ya je, can ma aka ce ba a san shi ba. Shekarar ta wuce shi.

Tsarin Mulki na 1999 a sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda asalinsa, ƙabilarsa ko addininsa. Amma shi dai wannan kundi a sashe na 147 ya ce ministan da za a ɗauko daga jiha ya zama ɗan asalinta. Ta wannan kafa maganar asali ta sami gindin zama, har ta gangaro kan yaron da ke neman gurbin karatu.

Wanda yake ganin abin ba zai kai ga kora ba, ya tuna Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, wanda gwamnatin Shagari ta kwashe a 1980 ta ajiye a Chadi wai ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta dawo da shi. Ya tuna kuma 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, har da Hausawan da aka haifa a zango. A Jos kuwa gardamar ɗan ƙasa da baƙo ta kai ga zubar da jini a Satumbar 2001.

Adalci ne in faɗa cewa mutanen ƙasar Katagum sun karɓe mu, mun yi auratayya, muna cin kasuwa ɗaya. Ba da su nake ba, da tsarin nake. Ita kanta fadar masarautar da Malam Zaki ya kafa daga garin Katagum ta taso ta dawo Azare a 1916, ba wanda ya taɓa kiran ta baƙuwa.

Saboda haka ina roƙo, duk wanda aka hana shi ko ɗansa wani abu saboda takardar asali, ya rubuta rana da abin da aka nema da amsar da aka ba shi, ya kawo mini kafin taro na gaba. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ajin yamma, ɗalibai za su rubuta masa. In muka jera su wuri ɗaya, shi ne za mu kai wa hukuma.

Sakataren Ƙungiya