Mi Mutanen Ƙanƙara ke nema bayan Ganuwa?

Cikin shekara ta 1996 ne marubucin nan na Amurka, George R. R. Martin, ya fitar da A Game of Thrones, littafi na farko na wani dogon labari wanda masu karatun faransanci suka sani da sunan Le Trône de fer. Na biyar ya fito a 2011. Na shida kuwa, har shekara ta 2024 ta shuɗe ba a gan shi kasuwa ba. Da jira ya yi tsawo, sai masu karatu suka shiga hasashe, kowa na ƙoƙarin gano inda labarin ya dosa kafin mai shi ya faɗa.

Labarin na gudana ne a Westeros, wata ƙasa ta ƙage inda ɗari kan share shekaru bai wuce ba. A arewacinta akwai Ganuwa ta ƙanƙara, tsayinta ya ɗara mita 200, tsawonta wajen kilomita 480. An ce an gina ta shekaru 8000 da suka wuce, bayan wani dogon dare da ya rufe duniya, don tare wasu halittu masu shuɗin ido waɗanda ke tada matattu su mai da su mayaƙansu. Sarakunan kudu sun ɗauke su tatsuniya, suna ta yaƙi bisa gadon sarauta, har tsaron Ganuwar ya lalace: cikin sansani 19, uku kaɗai ke da dakaru. Cikin littattafai biyar, sau biyu tak mai karatu ya ga halittun ido da ido, shi ya sa hasashe ya samu fili.

Mafi yawan masu hasashen sun duƙufa ne wajen neman mai ceto. Akwai annabcin dawowar wani gwarzo, Azor Ahai, wanda takobinsa bai ƙeru ba sai da ya soka shi a zuciyar matarsa. Bokanya Melisandre ta ce sarki Stannis ne, tsoho Aemon ya ce Daenerys ce, jama'a da dama kuma sun tsaya bisa Jon Snow. Wanga muhawara tana da daɗin hira, amma ba ta da nisa da ta sarakunan kudu: zancen dai na wane ɗan gidan wane ne.

Hasashen da ya fi nauyi shi ne na masu cewa ba da yaƙi aka kawo ƙarshen dogon daren ba, da sulhu ne, kuma ƴan Adam suka manta da sharuɗɗansa. Hujjojinsu ba na yarwa ba ne. A shafukan farko, sa'ad da halittun suka kewaye jarumi Waymar Royce, sun yi magana da harshensu, sun yi dariya, sun bar ɗayansu ya kara da shi su biyu. Wanda ke da harshe da sulke da takobi, lalle ana iya ƙulla alkawari da shi. Sannan ga Craster, wani mugun tsoho da ke zaune bayan Ganuwa: duk ɗa namiji da aka haifa masa sai ya aje shi a daji, su kuwa ba su taɓa gidansa ba. Kenan akwai haraji, akwai kuma masu karɓa. Ga kuma labarin shugaba na 13 na masu tsaron Ganuwa, wanda ya ɗauki wata mace fara sol mai shuɗin ido, ya yi mulkin shekara 13 tare da ita, daga baya aka shafe sunansa. A Westeros kuwa da aure ake ɗaure sulhu. Wasu ma sun tambaya: wa ya fi iya gini da ƙanƙara, mutum ko su? In haka ne, Ganuwar iyaka ce da ɓangare biyu suka shata, kuma masu zuwa bashi suka biyo.

Wanga fahimta ta dace da halin Martin, wanda ya sha sukar labaran da ke raba duniya gida biyu, nagari zalla da miyagu zalla. Rauninta shi ne rabin hujjojin daga bakin wata tsohuwa mai renon yara suka fito. Samwell Tarly, da ya tona tsofaffin takardun Ganuwa, ya tarar an rubuta tarihin ne dubban shekaru bayan aukuwarsa.

Fim ɗin talabijin da aka ɗauko daga littattafan ya bi gajerar hanya. A 2016 ya nuna cewa wasu ƙananan halittun daji ne suka ƙirƙiro Mutanen Ƙanƙara don su yaƙi ƴan Adam. A 2019 Arya Stark ta soke sarkinsu da wuƙa, rundunar duka ta zube cikin dare guda. Masu karatu da yawa ba su gamsu ba, suna kuma tunatarwa cewa littattafan ba su nuna wani sarki irin wannan a gaban runduna ba.

Saura zancen ƙaho. Almara ta ce akwai wani ƙaho wanda in aka busa shi Ganuwa za ta rushe. Melisandre ta ƙone wani ƙato a littafi na biyar, daga baya aka ji ba shi ba ne. Masu lura sai suka tuna da wani tsohon ƙaho tsagagge da Jon ya tono bayan Ganuwa, ya busa bai yi ƙara ba, ya ba Samwell. Samwell bai yar da shi ba. A ƙarshen littafi na huɗu yana cikin ɗan abin da ya isa da shi birnin Oldtown, can ƙarshen kudu.